Duwatsun Azbin: yaya suke, kuma me mutum yake bukata kafin ya hau su?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, ina da sha'awar hawan dutse. Na hau Dala da Kufena, na kuma je duwatsun Shere a Jos. Tun ina yaro nake jin ana cewa dokin Azbin, raƙumin Azbin, Buzayen Azbin, kwanan nan ne na gane ashe Azbin ɗin ƙasar duwatsu ce a arewacin Nijar. Don Allah a yi mini bayani: yaya duwatsun nan suke, wanne ya fi tsawo, mutum irina zai iya hawa, kuma me zan tanada?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka kashi uku ce: fasalin ƙasar, ko ƙarfinka zai kai, da guzurin tafiya. Ta tsakiyar ita ce mai sauƙi, bari in fara kawar da ita. Wanda ya hau Shere ba zai sha mamakin tsawon Azbin ba. Ƙololuwar Shere mita 1,829 ce daga doron teku, mafi tsawon Azbin kuma mita 2,022, wato ratar ba ta kai mita 200 ba. Chappal Waddi da ke Taraba ma, mai mita 2,419, ya fi kowane dutse a Nijar tsawo. Abin da ke kayar da mutane a Azbin shi ne ruwa, da nisa daga taimako, da irin dutsen da ke ɓarewa a hannu. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zauna maka daram.

Fasalin ƙasar

Mu Hausawa muna cewa Azbin ko Abzin, Buzaye suna cewa Ayar, a taswira kuma za ka ga an rubuta Aïr. Tana cikin jihar Agadas, birnin Agadas ɗin yana zaune a bakinta ta kudu maso yamma, a tudun da ya ɗan haura mita 500. Faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 84,000. Daga gabas ta yi iyaka da rairayin Tenere, daga yamma kuma da filayen da ruwanta ke gangarawa, inda garin Arlit da ma'adinan yuraniyom suke.

Kuskuren da baƙo yake fara yi shi ne ya ɗauka jerin tsaunuka ne a layi ɗaya kamar katanga. Ba haka take ba. Ka ɗauki faifai mai faɗi, tsawonsa daga teku tsakanin mita 500 zuwa 900, duk duwatsu da kwaruruka, sannan ka kife ƙwarya tara a kansa daga kudu zuwa arewa. Kowace ƙwarya tsauni ce mai zaman kanta, kusan zagayayya, gefenta a miƙe, kanta a shimfiɗe ko a tsattsage. Tsakanin wannan da waccan akwai tafiyar yini ko kwanaki. Shi ya sa ba a cewa "na hau Azbin", sai dai na hau Bagzan, ko Tamgak, ko Greboun.

Dalilin wannan zagayen yana da daɗin ji, kuma ya shafe mu. Fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce narkakken dutse ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙasa, rufin da ke kansa ya tsage a zagaye ya rufta, narkakken ya cika tsagar ya daskare. Da iska da ruwa suka cinye abin da ke sama, sai zoben giranit ya rage a tsaye, irin dutsen nan da ake fasawa a zuba a kankare. Akwai wani zobe a tsakiyar Azbin da ake kira Meugueur-Meugueur, faɗinsa wajen kilomita 65, a hoton tauraron ɗan Adam yana fitowa kamar an zana shi da kamfas. Kuma wannan aikin bai tsaya a Azbin ba. Layinsa ya biyo kudu ta Damagaram da Munio, ya shigo Najeriya ta Dutse da Ningi da Riruwai har Jos, yana ƙara ƙuruciya yana gangarowa, na Jos ba su kai shekara miliyan 200 ba. Wato Shere ɗin da ka hau ƙanin Bagzan ne. Kuzar da aka haƙa a Jos da Riruwai ma an haƙa irinta a Elmeki cikin Azbin, dangin dutse ɗaya ne.

A bayan nan, kusa da zamaninmu a lissafin masana ƙasa, aman wuta ya sake ɓarkewa a kudancin yankin, musamman wajen Todra da kewayen Timia. Za ka gane wurin da baƙin dutse mai ramuka kamar soso da ƙananan tsaunuka masu siffar malfa. Wannan bambancin na giranit da baƙin dutse ba na ɗalibai kaɗai ba ne, zan dawo kansa idan mun zo maganar taku.

Ruwan sama yana zuwa ne daga Yuli zuwa Satumba, galibinsa a Agusta. Kudanci kan samu milimita ɗari da wani abu a shekara mai kyau, arewaci ko hamsin ba ya cika samu, wata shekarar ma ko ɗigo. Amma da yake dutse ba ya shan ruwa, ɗan abin da ya zuba yana taruwa a ƙoramu, waɗanda mutanen can ke kira kori, ya nutse cikin yashinsu ya kwanta kusa da sama. A kan wannan ruwan ne ake lambuna. A Timia akwai lemo da rumman da dabino, a Tabelot albasa, a kan Bagzan dankalin Turawa da tafarnuwa da tumatir. A bakin kori za ka ga goruba da aduwa da magarya da gawo, bishiyoyin gida, a tsakiyar Sahara. Can saman kuma akwai wani zaitun na daji, ragowar zamanin da ƙasar ke da dausayi. Shaidar wancan zamanin tana kan duwatsu: a Dabous, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa a fa, tsawonsa ya haura mita 5, an ƙiyasta shekarunsa da dubu shida ko fiye. Gabashin duwatsun da wani yanki na Tenere gandun daji ne na gwamnati tun 1988, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, a 1992 kuma ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Akwai ragon dutse da barewa da rema da birai, farauta haramun ce a dokance.

Ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu. Gobirawa suna riƙe da cewa a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Kel Ewey, Buzayen Bagzan da Timia, su ne masu ayarin gishiri: da kaka su ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma, su dawo da kantu da dabino, su gangara Damargu da Damagaram har Kano su sayar, su koma da gero. Ayarin irin wannan ne Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya biyo bayan ya ratsa Azbin a 1850, ya iso Kano a farkon 1851. Amfanin wannan gare ka shi ne Hausa za ta yi maka aiki. A Agadas ita ce harshen kasuwa, a ƙauyukan dutse ma da wuya ka rasa namiji babba da ba ya ji.

Wanne za a hau?

Bagzan, ba tare da wani dogon tunani ba. A kansa ne Idoukal-n-Taghès yake, mai mita 2,022, ƙololuwar Nijar baki ɗaya. Tsoffin taswirori sun daɗe suna ba Greboun wannan matsayi, amma awo ya nuna shi mita 1,944 ne. Bagzan tudu ne mai siffar ƙwai, wajen kilomita 40 a tsaye da 20 a kwance, samansa a shimfiɗe a tsawon mita 1,500 zuwa 1,600. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne mutane suna zaune a kansa, da ƙauyuka da lambuna da maɓuɓɓugai. Ya fi Tamgak da Greboun kusa da Agadas, ana isa gindinsa ta wajen Tabelot a rabin yini zuwa yini guda a mota, gwargwadon halin hanya.

Hawansa mataki biyu ne. Na farko daga gindi zuwa saman tudun, hawan mita 600 zuwa 700 ta cikin tsagar dutse, a kan hanyoyin ƙafa da jakuna da raƙuma suka daɗe suna bi da kayan lambu. Babu igiya, babu rarrafe, amma gwiwa za ta faɗa maka. A irin wannan hanya da kaya a baya ana lissafin awa ɗaya ga kowane hawan mita 300, a ƙara awa ɗaya ga kowane kilomita 3 zuwa 4 na tsawon hanya. Ka ware masa safiya cikakkiya. Na biyu daga saman tudun zuwa ƙololuwa, wasu mita 400 zuwa 500, a nan hanyar jakuna take ƙarewa, sai tsallake manyan duwatsu, wani wurin da hannu. Duka tafiyar, da hawa da zagaya ƙauyuka da sauka, kwana biyar zuwa bakwai ta wadatar. Mai gaggawa zai iya matse ta, amma ban ga amfanin ka taso daga Katsina ka wuce lambunan Bagzan da gudu ba.

Tamgak, mai kusan mita 1,990, yana kusa da Iferouane, a arewa. Kwarinsa mai zurfi ne, bangon giranit hagu da dama, da tafkunan cikin dutse. Ya fi Bagzan kyau a ido, ya kuma fi shi rashin mutane. Greboun kuwa yana can ƙuryar arewa maso gabas, tudun yashin Temet sun jingina da gindinsa. Babu ƙauye, babu rijiya abin dogaro, duk ruwan da za ka sha mota ce za ta kawo shi. Wannan ba na karon farko ba ne, ba ma na biyu ba.

Lokacin tafiya gajere ne: Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin ƙasa yana wuce digiri 40, dutse kuma yana riƙe zafin ya mayar maka da shi har bayan magariba. Damina ba ta da zafin bazara amma tana da ambaliya. Hunturun ma da sharaɗinsa. Kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da wajen digiri 6, iskar kuma busasshiya ce ba ta riƙe ɗumin rana, don haka a Disamba da Janairu dare a saman Bagzan yakan kai ga daskarar da ruwa a buta. Hazo ma yakan rufe ƙasa kwana biyu ko uku, ka kai ƙololuwa ba ka ga komai ba.

Lissafin ruwa

A nan zan daɗe, domin nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace tun kafin a ɗaga ƙafa. Mai tafiya a dutse da hunturu yana bukatar lita 5 ta sha a yini. Ka ƙara lita 3 na girki da shayi da ɗan wanke hannu, ya zama 8. Yanzu mu ce ku huɗu ne, da ja-gora da mai jakuna, mutum shida ke nan: lita 48 a yini, kusan jarka biyu da rabi mai cin lita 20. Idan tsakanin ruwa da ruwa kwana uku ne, lita 144. Ana ƙara sulusi a kai saboda jarka na fashewa, rijiya na ƙafewa, wani na iya gurɗewa a kwana a inda ba a shirya ba. Ya tashi wajen lita 190, jarka goma. Jaki a hawan dutse jarka biyu yake ɗauka, kilo 40, idan ka matsa masa fiye da haka zai durƙushe a tsaga. Jakuna biyar ke nan na ruwa kaɗai, ba a zo maganar abinci da barguna ba, su ma jakunan kuma sai sun sha. Raƙumi yana ɗaukar wajen kilo 150 kuma yana haƙuri da ƙishi, amma tafinsa mai taushi ne, tsakuwa mai kaifi tana yanka shi, akwai kuma tsagar da ba zai shiga ba.

Ka ga abin da lissafin ya nuna. Ba kai ke zana hanya ba, rijiyoyi ne ke zana ta. Ja-gora nagari ba wanda ya san sunan kowane tsauni ba ne, wanda ya san wace maɓuɓɓuga ce take da ruwa a bana. Taswira da GPS za su nuna maka inda tafki yake, ba za su gaya maka ya ƙafe tun watan jiya ba. Saboda haka idan kana zaɓen ja-gora kada ka tsaya a "ka san hanya?", kowa zai ce e. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da hanyar, a ina za a sha ruwa kowace rana, idan aka tarar babu ina ne na gaba kuma tafiyar awa nawa ce. Wanda ya amsa da sunaye da awoyi shi ne naka. Mafi kyau a ɗauki mutumin dutsen da kansa, ɗan ƙauyen da ke gindinsa ko kansa, ko da akwai wani da ya rako ku daga Agadas.

Kada a zuba ruwan duka a mazubi ɗaya babba. Ƙananan jarkoki da yawa sun fi, idan ɗaya ta tsage ba a yi asarar kome da kome ba. Sabuwar jarka ko wadda aka sani, ba wadda ta taɓa cin fetur ba. A naɗe ta da buhun algarara a jiƙa, ruwan zai yi sanyi kamar na salka. Kowane mutum ya riƙe lita biyu a jikinsa, domin jakuna sukan yi gaba ko su makara. Ruwan tafkin cikin dutse, wanda Buzaye ke kira agelmam, awaki da birai suna sha suna kashi a bakinsa: a tace da ƙyalle, a tafasa ya yi minti uku yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa bisa adadin da aka rubuta a kwalinta a jira rabin awa. Kada a yi wanka ko wanki da sabulu a ciki, shi ne abin shan makiyaya na watanni. A ɗebo a koma gefe. Inda ruwa ya yi ƙaranci kuma, taimama ta halatta, ba sai an ƙarar da na sha a alwala ba.

Ƙishin hunturu maƙaryaci ne. Gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sanyi kuma yana hana ka jin ƙishirwa. Ma'auninka fitsari ne: idan ya yi kaɗan ya yi ja kamar shayi, kana cikin bashi. Ciwon kai da kasala da yawan tuntuɓe da la'asar yawanci wannan ne, ba ciwon da hawa sama sosai ke jawowa ba, domin shi ba ya cika kama mutum ƙasa da mita 2,500. Maganinsa a zauna a inuwa a sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce ƙishi, zafi ne ya buge shi. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi ta fifita, tafiyar ranar ta ƙare.

Ɗaya fuskar ruwan ita ce yawansa. Yashin kori ya fi ko'ina daɗin kwanciya, ga laushi ga inuwa ga itace, shi ya sa baƙo yake son shimfiɗa a nan. Daga Yuni zuwa Oktoba kada a kuskura. Hadari zai zuba a kan wani tsauni mai nisan kilomita talatin, kai kana kallon taurari, cikin dare ruwa ya iso da duwatsu da kututture. Korin Telwa, wanda ke gangarowa daga kudancin Azbin, shi ne ya ci unguwanni a Agadas a farkon Satumban 2009. A kwana a kan gaɓa, sama da inda aka ga tsohuwar shara ta maƙale a rassan bishiya, domin nan ne ruwa ya taɓa kaiwa.

Taku a kan dutsen

Giranit na Azbin yana da riƙo, takalmi yana kama shi da kyau. Matsalarsa ɓawo. Zafin rana da sanyin dare na dubban shekaru sun sa fatarsa tana ɗagowa falle-falle kamar albasa, kuma wani baƙin sheƙi da ke rufe duwatsun Sahara yana sa ruɓaɓɓe da lafiyayye su yi kama ɗaya. Kafin ka ɗora nauyinka a kan wani falle, ka buga shi da tafin hannu. Idan ya yi ƙara a toshe, lafiya. Idan ya amsa kamar ganga, a ɗage yake, nemi wani. Inda dole sai an bi ta kansa, a danna shi ƙasa, kada a ja shi waje. Baƙin dutsen aman wuta kuwa akasin haka ne, ƙanana ne masu kaifi, suna mirginawa ƙarƙashin ƙafa, taku uku gaba ɗaya baya, suna kuma cin tafin takalmi cikin kwanaki.

A gangare mai ɓaraguzai kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani. Ko a tafi a manne da juna yadda dutsen da ya suɓuce ba zai samu gudu ba, ko a ratsa ɗaya bayan ɗaya. Yawancin raunuka a saukowa ake samunsu, da yamma, ƙafa ta gaji hankali ya riga ya isa masauki. Don haka ake tashi da an sallame asuba, a kuma yanke lokacin juyawa tun da dare: idan azahar ta yi ba a kai ƙololuwa ba, a juyo. Da hunturu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira. Abin da ke ɓatar da mutane a saman tudun shi ne kwaruruka duk kamarsu ɗaya, ka bi wanda kake zaton shi ka hawo, ya kai ka bakin gangaren da ba ya sauka. Ana hawa ana waiwaye, ana haddace yadda hanyar take ta fuskar dawowa. Ƙananan tarin duwatsu da za ka gani alamun makiyaya ne, wasu na hanya, wasu na inda aka bar akuya, kada ka bi su kai kaɗai.

Hawan bango da igiya wani fanni ne daban. Bangwayen suna nan, a Tamgak da gefen Bagzan, amma kada ka sa ran tarar da ƙusoshin da wani ya kafa. Sai mutum ya zo da igiyar hawa mai talewa ta mita 50 ko 60, ba igiyar guga ba, da ɗamara da hular kwano da ƙarafan da ake cusawa a tsaga, da abokin da ya iya riƙe shi, kuma ya riga ya koya a wurin da asibiti ke kusa. Azbin ba makarantar koyo ba ce. Babu ƙungiyar ceto. Wanda ya karye a saman Bagzan a kan jaki ko a bargo za a sauko da shi, sannan mota, sannan Agadas, kwana biyu ba abin mamaki ba ne.

Kayan jiki ba su da yawa. Takalmi mai rufe idon sawu mai kaurin tafi, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da silifa na masauki. Za ka ga ja-gora yana tsallake duwatsu da faɗe, kada ka kwaikwaye shi, ƙafarsa ba irin taka ba ce. Dogon wando da riga mai dogon hannu, rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, jakar barci ko barguna biyu da tabarma mai kauri, domin ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki. Rawani ya fi hula, mita huɗu ko biyar na yadi mara nauyi: inuwa ne, matatar ƙura ce, matatar ruwa ce, bandeji ne. Tocila ta goshi da batir na ajiya, da hantsaki na cire ƙaya. Kowace safiya a zazzage takalmi da bargo saboda kunama, kada kuma a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin itacen wuta ba a duba ba. Akwai kububuwa. Idan ta sari mutum kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi, a nufi asibiti.

Abinci kuwa ka bi na masu ƙasar. Da safe furar Buzaye, gero da dabino da cuku a daka a dama, tana riƙe ciki har azahar. Da dare shinkafa ko taliya, ko tagella: a kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, a ture garwashi gefe, a binne ƙullun cikin yashi mai zafi a mayar da toka a kai, bayan kamar minti ashirin a juya shi, idan ya gasu a kakkaɓe a ɗauraye a gutsuttsura cikin miya. Ka tafi da ganyen shayi da sukari fiye da bukatarka, su ne gaisuwar da ake kai wa mai lambu ko mai rijiya. A tafi da gas ko gawayi daga Agadas, itacen dutse ba shi da yawa kuma na masu wurin ne.

Hanya da tsaro

Daga wajenku hanyar ita ce Maraɗi ko Damagaram, daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ta Tanout. Daga Agadas kwalta ta ƙare gare ka. Mota kat-kat, wato mai ja da taya huɗu, ake bi da ita, kuma idan za a wuce Bagzan zuwa arewa biyu ake so, ɗaya ta ja ɗaya. Taya biyu na ajiya ga kowace, da famfo da kayan faci da shebur. A yashin kori ana rage iskar taya don ta shimfiɗu, amma da an fito kan duwatsu a mayar, in ba haka ba tsakuwa ta yanke gefenta, wannan kuwa ba ya facuwa. Man da za a sha a yashi yakan kusa ninka na kwalta, a yi lissafi da haka.

Maganar tsaro ba zan sassauta maka ita ba. Duwatsun nan sun ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, sun sake gani daga 2007 zuwa 2009, na biyun ma a Iferouane ya fara, kuma an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Tun 2014 haƙar zinariya ta jawo motoci da kuɗi da 'yan fashi zuwa arewa, an kuma sha sace baƙi a jihar. Dalili ke nan da ba a barin sawun da motoci ke bi a yanke ta daji, ba a tafiyar dare, ba a kuma shelar ranar tashi a kasuwa ko a Facebook. Iyakar abin da rubutu zai iya yi maka ke nan, domin halin hanya yana canzawa daga wata zuwa wata, hukuncin kuma na hukumomin Agadas ne da mutanen ƙauyukan. Ka je da takardunka cikakku, ka bi ta ofishin yawon buɗe ido na jiha da jandarma, ka karɓi takardar hanya, idan sun ce sai da rakiya to sai da rakiya, idan sun ce a dakata a dakata. Waya ba ta kamawa a yawancin wuraren, mai aiki da tauraron ɗan Adam kuma a nemi izininta kafin a ɗauka. Ka bar wa wani amintacce a Agadas sunayen zangonku da ranar dawowa, da ranar da idan ta wuce bai ji ku ba zai sanar da hukuma.

Da ka isa ƙauye, wurin mai gari ake fara zuwa a yi gaisuwa, shi zai nuna inda za a sauka da rijiyar da za a ɗiba. Kada a ɗauki hoton mata ba izini. Kafin lokacin, ka yi wata biyu kana gwada kanka a gida: jaka mai kilo 10 a baya, tafiyar awa biyar zuwa shida, kwana biyu a jere, da takalmin da za ka tafi da shi, kana auna lita nawa ka sha. Adadin da ka samu shi za ka sa a lissafin jarkokin, ba wanda na ba ka ba.